Famfas ko Nafkin: Lissafin da Masu Jego Ke Yi a Garin Doma

A ƙananan shagunan garin Doma, da teburan 'yan tireda da ke bakin hanyar Lafiya, ba kowa ke sayen famfas da fakiti ba yanzu. Mai shago ne ke farke ledar da kansa, ya rataye ta a ƙusa, yana zaro wa mutane ɗai-ɗai. Wata ta aiko yaro ya sayo mata biyu, ɗaya na kwana, ɗaya na zuwa rigakafi da safe. Wata ta sayi ɗaya tak don za ta gidan biki. Sauran yinin kuwa jaririn yana cikin nafkin, ko tsumman da aka yanka daga tsohon zani, ko kuma a bar shi haka nan a kan tabarma iska tana kaɗa shi.

Doma hedikwatar ƙaramar hukuma ce a kudancin Jihar Nasarawa, ƙasar Alago, mazaunin mai martaba Andoma. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 139,607. Ban da Alago, akwai Tibi da Agatu da Eggon da Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista, kuma galibinsu noma ne ya riƙe su: riɗi, doya, shinkafa, agushi da rogo. Kuɗi a irin wannan gari da kaka yake zuwa, ya ɗauke idan damina ta yi nisa. Shi kuwa jariri bai san kaka ba, bai san bazara ba. Kullum sai an canza masa, kuma kullum sai uwarsa ta yanke shawarar abin da za ta sa masa.

Yadda tsadar ta faro

Wanda ya taɓa farke famfas ya duba cikinsa zai gane dalilin da ya sa farashinsa ke bin dala. Daga waje leda ce mai laushi da ke hana yoyo. Daga ciki, inda ke taɓa fatar yaro, wani yadin roba ne mai barin fitsari ya wuce. A tsakiya akwai ɓargon itace da aka niƙa ya yi taushi, an cakuɗa shi da wani farin gari mai tsaki-tsaki wanda ke shanye fitsarin da ya ninka nauyinsa sau talatin ko fiye, ya kumbura ya zama kamar kamu. Ledar da yadin da garin duk daga man fetur ake sarrafa su, kuma mafi yawan kayan haɗin daga ƙasashen waje ake shigo da su, ko da kuwa a Legas ko Ogun aka harhaɗa.

Kamfanin Procter & Gamble na Amurka ne ya fito da Pampers a 1961, kuma tun 1992 yake harka a Nijeriya. Ya gina masana'anta ta kusan dala miliyan 300 a Agbara ta Jihar Ogun, aka rufe ta a 2018. A watan Disamban 2023 kamfanin ya sanar cewa zai daina sarrafa kaya a Nijeriya, zai koma shigo da su daga waje. Kimberly-Clark, masu Huggies, sun buɗe tasu masana'antar ta dala miliyan 100 a Ikorodu a 2022, suka sanar da ficewa daga ƙasar a 2024. Kasuwa ta koma hannun irin su Hayat Kimya na Turkiyya, masu Molfix, da wasu kamfanonin gida da na 'yan Chana.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a kasuwa a watan da ya biyo baya. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Zuwa Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Kayan da zai baro Legas, ya ratso Abuja ko Makurɗi, a sauke shi a Lafiya, sannan ɗan sari ya ɗauko shi zuwa Doma, kowane zango sai an ɗora masa kuɗin mota.

Bari mu yi lissafi a sauƙaƙe. A ɗauka ana sayar da ƙwaya ɗaya naira 200, kuma uwa tana canza wa ɗanta sau biyar a yini, wanda ma ya yi kaɗan ga sabon haihuwa, domin shi yakan buƙaci takwas zuwa goma sha biyu. Naira 1,000 ke nan a yini, 30,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan sama da kashi 40 cikin ɗari na wannan albashi zai tafi ga abin da za a jefar bayan awa uku. A shekara biyu yaro ɗaya zai ci 3,650, kuɗinsu naira 730,000. Manomin riɗi zai iya ƙirga buhu nawa ke nan. Nafkin dozin biyu kuwa sau ɗaya ake saye, kuma idan an kula da shi ƙanin yaron ma zai gada.

A kan takarda, nafkin ya yi nasara tun kafin a fara gardama. Amma ba a kan takarda ake renon ɗa ba.

Wa zai ɗebo ruwa, wa zai wanke?

Idan ka saurari mata suna wannan magana a tsakaninsu, ba kuɗi kaɗai za ka ji ba. Za ka ji "ni ba zan iya wankin kashi kullum ba". Za ka ji "ina ruwan yake?" Za ka kuma ji wata ta ce kada a je suna a ga ɗanta da nafkin a ce maigidanta ya gaza. Dukansu suna da hujja, har ta ƙarshen, domin gori a gidan biki ba ƙaramin ciwo ba ne ga amaryar da ta yi haihuwar fari.

Ruwan shi ne babba. Doma na da madatsar ruwa da aka gina tun shekarun 1980, kogin Binuwai kuma ya yi wa ƙaramar hukumar iyaka ta kudu. Duk da haka gidaje da yawa rijiya suka dogara da ita, ko burtsatse, ko jarkar mai ruwa, ko rafi a ƙauyuka. Wankin nafkin na yini guda, idan za a yi shi yadda ya kamata, yakan ci bokiti biyu ko uku. Da damina wannan ba komai ba ne, ruwan indararo ma ya isa, sai dai shanya ta yi wuya. A watan Maris da Afrilu kuwa, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, kowane bokiti kuɗi ne ko tafiya. Ga sabulu, ga itace ko gawayin dafa ruwa.

Sai kuma hannun da zai yi aikin. A da, mai haihuwar fari gida take tafiya wankan jego, ta yi arba'in a gaban uwarta. Ko a ɗakinta ta zauna, akwai tsohuwa da ke zuwa zaman jego, akwai ƙanwa, akwai matan gida. Wankin tsumma ba ya kan mai jego ita kaɗai. Yanzu ma'aurata da yawa ɗakin haya suke, su biyu da jariri. Matar tana iya zama malamar makaranta, ko ma'aikaciyar asibiti mai zuwa Lafiya kullum, ko mai awo a kasuwa. Wata kuma da goyonta a baya take shiga gonar shinkafa a yankin Rukubi, ta wuni a sunkuye. Duk wanda ya ce wa irin wannan mata ta koma nafkin don a yi tattali, bai kuma ce ga wanda zai ɗebo mata ruwa ba, ya ɗauke nauyi ne daga aljihun maigida ya ɗora a ƙugun matar. Wannan ita ce maganar da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina ita ce gaskiyar al'amarin. Kuɗin da nafkin ke ragewa ba daga sama yake faɗowa ba, gumin wata ne.

Gwamnatin tarayya ta amince a 2021 da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan matansu sun haihu. Manomi da ɗan kasuwa ba su da mai ba su hutu, amma ba sa buƙatar takardar ofis kafin su cika randa da safe.

Abin da kakanni suka sani

Akwai wata dabara da ke rage wankin nan sosai, wadda tsofaffi a Doma da ko'ina a ƙasar nan suka iya, ƙananan mata kuma suka fara mantawa. Uwar da ke goyon ɗanta a jikinta takan gane lokacinsa. Tana jin yadda yake miƙa, yadda yake yunƙuri, irin kukan da yake yi. Da ya farka daga barci, ko ya gama shan nono, sai ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta zaunar da shi a tsakanin ƙwaurinta yana fuskantarta, ta riƙe shi, tana yi masa 'yar ƙara da baki. Yau da gobe sai yaron ya haɗa zaman da ƙarar da abin da ake so ya yi. Idan ya fara zama da kansa sai a koma ɗora shi a fo.

Wasu masu bincike biyu, Marten da Rachel deVries, sun ga irin wannan a wajen al'ummar Digo ta gaɓar tekun Kenya, suka wallafa a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 1977 cewa jariran can kan daina ɓata jiki dare da rana tun suna wata biyar zuwa shida. A Amurka kuwa, inda famfas ya zama ruwan dare, yara da yawa sai sun doshi shekara 3 suke rabuwa da shi. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne yaron da ke cikin famfas ba ya jin jiƙa, uwar ma ba ta gani, don haka babu abin da ke tunzura su biyun. Yaron da ke cikin nafkin da ya yi fitsari yake sanarwa. Ba da duka ko tsawa ake wannan koyarwa ba, kuma ba a tilasta wa yaro dogon zama. Amma duk kashin da ya faɗa a fo, nafkin ɗaya ne da ba a wanke ba, ko famfas ɗaya da ba a saya ba.

Fatar yaro

Masu son nafkin kan ce famfas ke ƙona wa yara mazaunai. Masu famfas kuma su ce nafkin ne ke kawo ƙuraje. Abin da likitocin fata suka tabbatar shi ne, daɗewa cikin jiƙa ke kawo su. Idan fitsari ya haɗu da kashi, sinadarin da ke fita daga fitsarin yakan tayar da wasu sinadaran narkar da abinci da ke cikin kashin, su fara cin fata. Ga danshi, ga gogayya, ga zafi. Famfas mai kyau, idan ana canza shi a kan kari, ya fi nafkin tsane fata, wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba. Matsalar ita ce a gidan da ake sayen ɗai-ɗai ba a canza shi a kan kari. Ana sa wa yaro tun safe, a bar shi har la'asar, ya yi nauyi yana reto tsakanin cinyoyinsa, saboda ana tausayin kuɗin. A zafin Doma na bazara, wannan shi ne ke saɓule fatar matsematsi. Haka nan nafkin da aka rufe da wandon roba aka manta da shi, ko wanda ba a ɗauraye omo daga jikinsa ba.

Ko wanne aka zaɓa, ƙa'idar ɗaya ce: a canza bayan awa biyu zuwa uku, a canza nan take idan ya yi kashi, a wanke wurin da ruwa mai tsabta, 'ya mace a share ta daga gaba zuwa baya, a tsane, a bar shi ya sha iska kafin a rufe. Basilin ko man kaɗe mai tsabta ya isa kariya. Hoda ba ta da amfani a nan, kuma ƙurarta na iya shiga huhun jariri. Abin da ya fi damuna shi ne man shafawar nan masu haɗe-haɗe da ake saya a kemis ana cewa suna maganin kowane ƙurji. Da yawansu na ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, fatar jariri kuma siririya ce, musamman a wurin da ke rufe, tana shanye shi ya shiga jiki. Ƙurajen da suka wuce kwana uku ba su lafa ba, ko suka yi ja jawur da ƙananan ɗigo a gefe, ko suka fara ruwa, ko aka ga zazzaɓi, asibiti za a kai, ba kemis ba.

Nafkin na da wata fa'ida da ma'aikatan lafiya suka sani. Daga kwana na biyar da haihuwa, jaririn da ke samun isasshen nono yakan yi fitsari sau shida ko fiye a yini. Uwar da ke amfani da nafkin tana ƙirgawa ba tare da ta sani ba, kuma da fitsarin ya ragu za ta lura. Ga yaron da ke gudawa, raguwar fitsari alama ce ta ƙarewar ruwa a jiki.

Ana kuma yawan cewa famfas ko nafkin mai kauri na sa ƙafar yaro ta yi baka. Jarirai da 'yar lanƙwasar ƙafa ake haifarsu, tana kuma miƙewa da kanta yayin da suke girma. Wadda ta ƙi miƙewa sau da yawa ciwon laushin ƙashi ne, kuma binciken da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa a yaran Nijeriya ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban sanadinsa. A duba kwanon yaron, ba ƙunzugunsa ba.

Wankin da ya amsa sunansa

Nafkin da ba a wanke da kyau ba ya fi famfas illa, don haka wannan sashe ba na tsallakewa ba ne. Da an kwance shi, a kankare kashin a zuba a masai. A ɗauraye, a jefa a bokiti mai murfi wanda ba a amfani da shi don komai sai wannan. Murfin wajibi ne, saboda ƙuda, kuma saboda yaro mai rarrafe na iya kifawa da ka cikin bokitin da ke da ruwa kaɗan ya kasa fitowa. Kada a tara ya wuce kwana ɗaya ko biyu. A wanke da ruwan zafi da sabulu, a ɗauraye har ruwan ya fita garau babu kumfa, a shanya a igiya cikin rana tsaka. Ruwan wankin kuma masai za a zuba shi ko rami, ba lungu ba, ba kwatar da yara ke wasa ba, ba kusa da bakin rijiya ba. Sannan a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa nono ko kwanon kunu.

Sai guga. A yankuna masu danshi irin na kudancin Nasarawa da Binuwai akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwai a ƙasa mai warin fitsari, da kuma kan tufafi masu laima da aka shanya a inuwa ko aka baza a ƙasa. Idan aka sa wa yaro tufar, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda fatarsa ta shige. Bayan 'yan kwanaki sai a ga ƙurji ya taso a mazaunai ko baya, ja, da ɗan rami a tsakiyarsa, yaron yana ta kuka an rasa dalili. Idan aka duba da kyau sai a ga wani abu fari yana motsi a ramin. Nafkin, da yake tufa ce da ta sha fitsari, shi ƙudan ya fi so. Maganin abin mai sauƙi ne: kada a shanya a kan ciyawa ko ƙasa ko ƙarƙashin mangwaro, kuma a goge shi ciki da bai da dutsen guga mai zafi, ko na gawayi ne. Zafin yana kashe ƙwan.

Ina yake tafiya bayan an jefar?

A ƙasashen da aka ƙirƙiro famfas, mota ke zuwa ƙofar gida ta kwashe shara, a kai ta wurin binnewa ko ƙonawa na musamman. A yawancin unguwannin Doma, kamar sauran garuruwanmu, bola ce, ko kango, ko bayan gari, ko kwata. Wanda ya bi bayan unguwa da safe bayan an yi ruwan dare zai ga famfas ɗin da aka jefar: sun sha ruwa sun kumbura, kare ko alade ya farke wasu, kaji suna tono, farin garin nan ya watse a ƙasa haɗe da kashi, ƙuda ya rufe. Wasu sun toshe bakin kwalbati tare da ledar fiya wata. Akuya da saniya na haɗiye ledar, ta dunƙule a tumbinsu. Wasu matan na ƙonawa, saboda tsafta ko saboda tsoron kada wani ya ɗauka ya yi wa ɗansu asiri, amma abu mai jiƙe ba ya cin wuta da kyau, sai ya yi ta hayaƙin roba a tsakar gida. Wasu na jefawa a masai, shi kuma ba ya ruɓewa, sai ramin ya cika kafin lokacinsa, masu yashe shi su sha wuya. Masana na ƙiyasta cewa ledar na iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru ba ta narke ba. Jarirai 1,000 kacal, idan kowanne na cin huɗu a yini, za su tara kusan miliyan ɗaya da rabi a shekara.

Abin da ya fi ledar haɗari shi ne abin da ke cikinta. Mutane da yawa na ganin kashin jariri ba ƙazanta ba ne sosai, tunda nono kaɗai yake sha. Masana lafiya sun ce akasin haka: yara ƙanana su suka fi kamuwa da cututtukan gudawa, don haka kashinsu na iya ɗaukar ƙwayoyin cuta fiye da na manya. Binciken ruwa da tsafta na ƙasa na 2021 ya ce 'yan Nijeriya kusan miliyan 48 ke bahaya a fili, shiyyar Arewa ta Tsakiya kuma, inda Nasarawa take, ita ce kan gaba. A wannan shekarar dai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,600 suka rasu. Tun 2019 ake gangamin kowa ya yi amfani da masai, Jigawa kuma ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da bahaya a fili a 2022. Amma gidan da ke da masai, manyansa na shiga, kashin jaririnsa kuwa na tafiya bola a naɗe cikin famfas, bai gama rabuwa da bahaya a fili ba. Ko famfas aka sa wa yaro, a kankare kashin a masai kafin a naɗe, a ɗaure, a binne shi a rami nesa da rijiya idan babu masu kwasar shara.

Turawa sun daɗe suna auna wanne ya fi cutar da muhalli, famfas ko nafkin. Hukumar Muhalli ta Ingila ta gano a 2008 cewa kusan kunnen doki suke wajen hayaƙin da ke ɗumama duniya, saboda injin wanki da injin busarwa na shan lantarki, amma ta ce wanda ke shanya a rana, ya kuma yi wa ƙani amfani da na wa, zai iya rage nasa da kashi 40 cikin ɗari. Wani sabon bincike na gwamnatin Birtaniya a 2023 ya ba mai wankuwa rinjaye da kusan kashi 25. Mata a Doma da hannu suke wanki, rana ke busar musu, kuma ba sa jefar da tufar wa idan ƙani ya zo. Ƙasar Banuwatu, wasu tsibirai a tekun Fasifik, ta sanar a 2019 cewa za ta haramta famfas ɗungurungum, sai ta jingine dokar bayan iyaye mata da masu jinyar tsofaffi da naƙasassu sun koka. Haramci ba shi ne mafita ba, can ma bai zama ba.

Inda famfas ke da gurbi

Akwai lokutan da babu mai hankalin da zai hana mace famfas. Daren da take buƙatar barci bayan wunin aiki. Tafiyar mota zuwa Lafiya ko Abuja. Kwanciyar asibiti, inda babu wurin wanki da shanya. Makon da aka wuni ana ruwa nafkin ya ƙi bushewa. Matar da aka yi wa aiki wajen haihuwa, ko mai tagwaye. Zuwa coci ran Lahadi, ko islamiyya, ko sallar idi, inda mace ke tsoron yaro ya ɓata mata tufa a cikin jama'a.

Game da sallah, malaman Malikiyya sun daɗe da duba wa mai shayarwa. A Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, an yi rangwame ga fitsari da kashin jariri da ya taɓa tufar mai shayarwa matuƙar tana iya ƙoƙarinta wajen kiyayewa, aka kuma so ta ware wata tufa ta musamman don sallah. Ke nan macen da ta zaɓi nafkin ba ta shiga ƙunci a addininta ba. Zani ɗaya da hijabi da aka rataye gefe sun wadatar.

Nafkin ɗin ma ba dole ya zama irin na da ba, mai kusurwa huɗu da ake naɗewa a soke da fil, uwa tana fargabar kada ya soki cikin yaro. Yanzu ana ɗinka shi da siffar wando, da maɓallai a jere da ake matsawa ko sassautawa yayin da yaro ke girma, da aljihu a ciki da ake zura tawul a zare a wanke. Na kanti da ake shigo da su suna da tsada, amma babu abin da ke jikinsu da telan Doma ko na kasuwar Lafiya ba zai iya ba idan ya ga samfuri. Yadin auduga mai laushi a ciki, tawul ninki biyu ko uku a tsakiya, ko na gwanjo ne idan an dafa shi an wanke, sai yadi mai hana yoyo a waje. Mata masu keken ɗinki a gida na da kasuwa a nan, domin haihuwa ba ta yankewa. Masu zuwa barka kuma, maimakon fakitin da zai ƙare kafin suna ya zagayo mako, dozin ɗin nafkin da bokiti mai murfi da sandunan sabulu za su fi daɗewa ana tuna su.

Hukuncin da na ga ya dace da gida mai matsakaicin ƙarfi a Doma shi ne nafkin da rana a gida, fo tun da wuri, famfas kuma a ajiye shi don dare da tafiya da lalura, a canza shi a kan kari idan an sa. Ma'aikatan lafiya da ke karɓar mata ranar awo da ranar rigakafi su ƙara wankin nafkin da zubar da kashin yara cikin abin da suke koyarwa, majalisar ƙaramar hukuma kuma ta ware wuraren zuba shara da za a riƙa kwashewa, ba sai ranar tsaftar ƙarshen wata ba. Kai kuma maigida, idan kai ne ka ce famfas ya fi ƙarfinka a koma nafkin, to ruwa da sabulu da gawayi sun zama naka, kuma ka tabbata randa a cike take kafin ka fita gona ko kasuwa.